Wa Zai Ɗauki Asara? Yadda Tashoshin Turai Suka Yi wa Teku Doka

A ƙarni na 13, giyar inabi na cikin manyan hajojin da ke cika jiragen ruwa a gabar yammacin Turai. Ganga-ganga ake loda ta a Bordeaux da La Rochelle, a yammacin Faransa ta yau, a nufi Ingila da Flanders da ita. Hanyar kuwa sai ta ratsa tekun Biscay, wanda har gobe matuƙa ke shakkarsa. To a ce jirgi yana tsakiyar wannan ruwa guguwa ta taso, ruwa ya fara shigowa, kyaftin ya duba ya ga in ba a rage nauyi ba kowa zai halaka. Gangunan da suka fi kusa da hannu su za a fara turawa cikin teku. Amma gangunan nan na wani ne, kuma sau da yawa mai su yana tsaye a wurin, domin fataken zamanin kan bi kayansu. In Allah ya sa aka kai tudu, shi kaɗai zai koma gida hannu rabbana, sauran su sayar da nasu su ci riba, alhali da dukiyarsa aka fanshi ran kowa?

Kundin da aka fi sani da amsa wannan tambaya a arewacin Turai shi ne na Oléron, wani tsibiri da ke kusa da La Rochelle. Asalinsa sassa 24 ne kacal. Na takwas ya ce kyaftin ya fara neman yardar masu kaya. In sun yarda, shi ke nan. In sun ƙi, yana da ikon zubarwa duk da haka, amma da an sauka sai shi da kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatansa su dafa Linjila su rantse cewa don ceton rayuka da jirgi da sauran kaya suka yi. Daga nan a ƙiyasta kuɗin abin da aka zubar, a raba asarar a kan kowa gwargwadon dukiyarsa. Shi ma kyaftin ba ya tsira: ko ya sa darajar jirgin cikin lissafi, ko ya sa kuɗin dakon da zai karɓa, zaɓi nasa. A misali, in jirgi da kayan cikinsa duka sun kai fam dubu, aka zubar da na fam ɗari, kowa zai yi asarar kashi ɗaya cikin goma, har da wanda aka zubar da nasa. Babu wanda ya fita da riba a kan wuyan ɗan'uwansa.

Hikimar abin ba a tausayi take ba. Idan falke ya san asarar a kansa kaɗai za ta faɗa, zai tsaya gaban gangunansa yana gardama, yana nuna na wani, har jirgi ya nutse da su duka. Idan ya san ko nasa aka zubar ko na maƙwabcinsa lissafi ɗaya ne, ba shi da dalilin ja. Dokar ta cire son kai daga wurin da son kai ke kisa.

Wannan tunani ya girmi Oléron nesa ba kusa ba. Rumawa sun san shi, suna kuma danganta shi ga mutanen tsibirin Rhodes na Girka. Yana nan cikin babban kundin shari'a da sarki Justinian ya sa aka tattara a shekarar 533. A ɗaya gefen Bahar Rum ma, malaman Malikiyya na Ƙairawan da Andalus sun yi fatawoyi a kan hayar jiragen ruwa da zubar da kaya cikin teku tun ƙarni na 10. Kuma ƙa'idar ba ta mutu ba. Lokacin da katafaren jirgin nan Ever Given ya toshe mashigin Suez na kwana shida a watan Maris na 2021, masu shi sun ayyana cewa kuɗin ceto a kan kowa yake. Ba a jefa kwantena ko ɗaya cikin ruwa ba, amma duk mai kaya a ciki sai da ya ba da lamuni, ko kamfanin inshorarsa ya tsaya masa, kafin a sakar masa nasa. Ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi da ke jiran kwantena ta Legas ko Kwatano, in ya juya bayan takardar dakonsa, galibi zai tarar da wannan sharaɗi a rubuce da ƙananan haruffa, ƙarƙashin ƙa'idojin York da Antwerp da aka tsara a ƙarni na 19.

Me ya sa tun farko garuruwan bakin teku suka buƙaci dokarsu ta daban? Saboda shari'ar tudu a Turan wancan zamani an gina ta ne a kan ƙasa da gado da mutanen da suka san juna, kuma ba ta sauri. Jirgi kuwa baƙi yake tarawa: mai jirgi daga Bayonne, ma'aikata daga Brittany, masu kaya daga Landan da Bruges. Abin da za a yi shari'a a kansa ya faru ne inda babu alƙali, babu shaidu sai waɗanda ke da hannu a ciki. Sannan iska ba ta jiran kotu. In ta kaɗa, masu ƙara da wanda ake ƙara da shaidu duk sun tafi. Duk wanda ya riƙe waɗannan matsaloli uku zai gane dalilin kusan kowace doka da ke cikin kundayen nan.

An daɗe ana cewa Eleanor, mai mulkin Aquitaine, yankin da Bordeaux da Oléron ke ciki, ita ce ta kafa dokokin Oléron. Ita ce ta auri Henry a 1152, shi kuma ya zama sarkin Ingila a 1154, auren da ya haɗa ƙasar inabi da kasuwar Ingila ƙarƙashin gida ɗaya. Cewa wannan aure ya bunƙasa cinikin, babu musu. Cewa ita ta zauna ta yi dokar kuwa, labari ne da aka ƙawata daga baya. Kwafe mafi daɗewa da suka rage na farkon ƙarni na 14 ne, kuma rubutun kansa bai yi kama da umarnin fada ba. Kowane sashe yakan kawo wata rigima, ya warware ta, ya rufe da cewa wannan shi ne hukunci a wannan mas'ala. Muryar mutanen da suka gaji da raba faɗa iri ɗaya ce, suka ce bari a rubuta. Jiragen giyar su suka ɗauki kundin zuwa arewa. A Damme, tashar da ke yi wa Bruges hidima, aka mayar da shi harshen mutanen Flanders. A Ingila ya shiga littafin kotun teku. Daga baya ya kai har garuruwan tekun Baltik.

Abin da ya fi jan hankalina a kundin shi ne matsayin kyaftin. Mutum zai zaci sarki ne a jirginsa. Ba haka Oléron ta ɗauke shi ba. Ya fi kama da madugun ayari: shi ne gaba, amma da mutanensa yake tafiya, kuma wasunsu ma suna da ɗan abin sayarwarsu a cikin jirgin maimakon albashi. Kafin ya tashi daga tasha dole ya tambayi ma'aikata yadda suka ga yanayi, ya bi ra'ayin mafi rinjaye. In ya yi gaban kansa jirgi ya salwanta, shi zai biya. Ba shi da ikon sayar da jirgin sai da izinin masu shi, ko da ya maƙale a baƙuwar ƙasa ba ko sisi, sai dai ya jinginar da wasu kayan aiki, shi ma da shawarar ma'aikata. Kafin a sauke ganguna sai ya nuna wa masu kaya igiyoyin da za a ɗaga su da su. In suka ce sun yi, igiya ta tsinke, bakinsu ya ja musu. In bai nuna ba, shi da ma'aikatansa za su biya.

Sai kuma zaman cikin jirgi, wanda kundin ya bi dalla-dalla har abin ya ba mutum dariya. Wanda ya ƙaryata ɗan'uwansa a wurin cin abinci tararsa dinari huɗu. In kyaftin ne ya yi, takwas. In kyaftin ya kai wa ma'aikaci duka, ma'aikacin ya daure wa na farko, amma daga na biyu yana da damar kare kansa. In kuwa ma'aikaci ne ya fara ɗaga hannu, ko ya biya sule ɗari ko ya rasa hannun. Kyaftin ba ya korar mutum nan take: sai ya hana shi zama wurin cin abinci sau uku, wato an ba shi lokacin neman sulhu. Ma'aikatan Brittany sau ɗaya ake dafa musu a rana domin suna samun giya zuwa da dawowa. Na Normandy sau biyu, domin su ruwa kawai suke sha a tafiyar zuwa. Babu shakka kowane ɗaya daga cikin waɗannan layuka akwai faɗan da aka taɓa yi a bayansa.

Wanda ya sulale cikin gari ba izini, ya sha ya bugu, aka fasa masa kai, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, jirgi ba zai biya maganinsa ba. Amma wanda ya ji rauni a bakin aikin jirgi, jinyarsa a kan jirgi take. In ciwo ya kwantar da ma'aikaci, kyaftin ya sauke shi a tudu, ya sama masa masauki da abin haske, ya bar masa yaron jirgi ko ya ɗauki wata mace ta kula da shi, ya ba shi irin abincin da ake ci a jirgi. Albashinsa na nan cif. In ya rasu, a kai wa matarsa ko danginsa. A zamanin da ma'aikacin gona ba shi da wani abu makamancin wannan, abin a yaba ne, ko da yake ba don zallar kirki aka yi ba: mutumin da ya san za a yasar da shi in ya karye ba zai hau saman itacen jirgi cikin guguwa ba. Kotunan Amurka har yau suna komawa ga wannan sashe idan ana shari'ar jinyar matuƙa.

A Bahar Rum labarin ya ɗan sha bamban, domin can rubutu da akawu sun yi ƙarfi tun da wuri. Garuruwan Italiya irin su Amalfi da Trani da Pisa kowanne yana da nasa kundin. Na Pisa ya fito wajen 1160. A Venis, dokokin 1255 na zamanin shugaba Ranieri Zeno sun ɗora lodi a kan wata alama da ke jikin jirgi, jami'ai su auna yadda ta nutse kafin a bar shi ya tashi, kuma tsohon jirgi ba ya ɗaukar abin da sabo ke ɗauka. Ingila sai a 1876 ta tilasta irin wannan layi, bayan gwagwarmayar ɗan majalisa Samuel Plimsoll. A masarautar Aragon kuma, a gabashin Sifen ta yau, aka kafa kotunan teku na musamman: Balensiya a 1283, Majorca a 1343, Barselona a 1347. Alƙalansu ba lauyoyi ba ne. Mutanen sana'ar ne ke zaɓar biyu daga cikinsu kowace shekara, da na uku mai sauraron ɗaukaka ƙara, aka kuma umarce su su yanke hukunci a taƙaice, ba jan lokaci. Al'adun da suke aiki da su ne aka tattara cikin littafin Consolat de Mar, wanda bugunsa na Barselona na 1494 ya bazu, aka fassara shi zuwa harsuna da dama.

Inda arewa ta dogara da rantsuwa, kudu ta dogara da rajista. Jirgin Bahar Rum yana da akawu wanda ke rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, kuma littafinsa hujja ne a kotu. Saboda haka aka tsananta masa: in aka kama shi da rubuta ƙarya, a yanke masa hannun dama, a yi masa lalas a goshi. Jagoran da ya ce ya san hanya alhali bai sani ba, kansa ne a bakinsa, sai dai ba kyaftin kaɗai ke yanke wannan hukunci ba, sai jama'ar jirgi sun taru. Akwai ma sashen kyanwa. In ɓeraye suka ɓata kaya kuma babu kyanwa a jirgi, kyaftin zai biya. In ya taso da ita ta mutu a hanya, ba laifinsa, muddin ya nemi wata a tasha ta gaba. Ga bambanci tsakanin sakaci da ƙaddara nan, an fitar da shi fili ta yadda ko yaron jirgi zai gane.

Duk wannan tsakanin mutanen cikin jirgi ne. Akwai wani abokin gaba a tudu. A yawancin gaɓar Turai, al'ada ita ce duk abin da teku ya tofo na mai mulkin wurin ne. An ruwaito wani mai mulkin Léon a Brittany yana alfahari cewa yana da dutsen da ya fi kowane lu'ulu'u daraja, yana nufin wani dutse a teku da jirage ke fashewa a kai. Sarakunan Brittany sun mayar da abin haraji: su sayar maka da takardar kariya tun a Bordeaux, in jirginka ya fashe a gaɓarsu kayanka naka ne. Majalisar coci ta Lateran ta 1179 ta yi barazanar fitar da duk wanda ya washe Kiristocin da jirginsu ya fashe daga coci, sarki Frederick na Biyu mai mulkin Jamus da Sisili ya haramta al'adar a 1220, amma yawan maimaita hanin ya nuna ba a ji ba. Dokar Ingila ta 1275 ta ce in mutum ko kare ko kyanwa ya fito da rai daga jirgin, ba a ɗauke shi yasasshe ba, mai kaya yana da shekara ɗaya da kwana ɗaya ya zo ya nema. Niyyar kare fatake ce. Sai dai duk mai hankali zai ga haɗarin da ke ciki ga wanda ya rarrafo gaɓa shi kaɗai, ya tarar da mutanen da rayuwarsa ce kawai ta tsaya tsakaninsu da dukiya.

Raba asara bayan ta auku abu ɗaya ne. Shirya mata tun kafin a tashi wani abu ne. A Jenowa da Venis, hanyar da aka fi bi ita ce mai kuɗi ya zauna gida ya ba matafiyi jari. In an dawo da riba, mai jari ya ɗauki kashi uku cikin huɗu, matafiyi ɗaya. In teku ya ci jarin ba da sakaci ba, asarar ta mai kuɗi ce, matafiyi ya yi asarar wahalarsa. Rajistar wani marubucin yarjejeniyoyi na Jenowa, Giovanni Scriba, ta tsakanin 1154 da 1164, cike take da irinsu. Wanda ya karanta babin ƙiradi a fiƙihu, abin da bankunan Musulunci ke kira mudaraba, zai gane tsarin nan take, kuma akwai masana tarihi da ke ganin daga hulɗa da fataken Musulmi Italiyawa suka samo shi, wasu kuma na kai shi ga Rumawa. Hanya ta biyu bashin teku ne: a ba ka kuɗi da ruwa mai yawa, amma in jirgi ya nutse an yafe. Fafaroma Gregory na Tara ya sa wannan cikin haramtaccen cin kuɗin ruwa a kundin dokokinsa na 1234. Fatake ba su daina neman mai ɗaukar musu haɗari ba, sai suka raba haɗarin da bashin, suka sayar da shi shi kaɗai. Inshora ke nan. Ɗaya daga cikin takardunta mafi daɗewa an rubuta ta a Jenowa a 1347, a kan jirgin Santa Clara mai zuwa Majorca, kuma an yi mata shigar bashi marar ruwa don kauce wa idon coci. Zuwa 1435 Barselona ta yi wa sana'ar doka, ta hana a yi wa dukiya inshorar cikakkiyar darajarta, don kada mutum ya fi son jirginsa ya nutse a kan ya iso.

Daga nan ne wasu marubuta, musamman na ƙarni na 19, suka zana hoton wata doka guda ta teku da dukan Turai ke bi, wadda fatake suka yi wa kansu ba ruwan sarki. Ni ban gamsu da hoton ba, kuma binciken baya-bayan nan bai goyi bayansa ba. Masaniyar tarihi Edda Frankot ta bi littattafan kotunan Lübeck da Danzig da Reval da Kampen da Aberdeen, ta tarar kowane gari da nasa haɗin dokokin, kuma samun kwafin kundi a gari ba ya nufin da shi alƙalai ke hukunci. Ko Hansa, ƙungiyar garuruwan fatake ta arewacin Turai, da duk ƙarfinta, Hamburg da Lübeck kowacce da dokar tekunta take. Cikakkiyar doka ta bai-ɗaya sai a ƙarshen ƙarni na 16 da farkon na 17 ta samu, lokacin da ƙungiyar ta riga ta fara dusashewa. Kundin da ake kira dokar Visby ma, wanda aka buga a Kopenhagen a 1505, ba mutanen Visby, garin fatake da ke tekun Baltik, suka ƙirƙire shi ba; haɗin gambiza ne na Oléron da al'adun Holan da wasu sassa na Lübeck.

A duba tambaya ɗaya kawai: da wane farashi za a ƙiyasta kayan da aka zubar? Rumawa suka ce da kuɗin da aka saye su, domin asara ake mayarwa ba ribar da aka yi tsammani ba. Oléron ta ce da farashin da sauran kayan suka samu a inda aka sauka. Littafin Barselona, wato Consolat de Mar, ya raba tsakiya: in ba a kai rabin hanya ba, farashin tashar da aka taso, in an wuce rabi, na tashar da aka nufa. Ga falken da giyarsa ke ƙara daraja sosai tsakanin Bordeaux da Landan, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, shi ya sa wurin da jirgi ya tsaya aka kai ƙara yake da muhimmanci. Matsalolin ne iri ɗaya a ko'ina, amsoshin kuwa 'yan uwan juna ne kawai.

Haka nan batun cewa ba ruwan hukuma. Sarkin Aragon ne ya ba kotun Balensiya izinin zama, majalisar gari ce ke tilasta hukunci a Lübeck, kuma a Ingila kotun babban hafsan ruwa ta sarki ta fara karɓar irin waɗannan ƙararraki tun tsakiyar ƙarni na 14. Da ƙasashe suka yi ƙarfi sai suka janye abin gaba ɗaya zuwa hannunsu. A 1681 minista Colbert ya fitar wa Louis na Goma Sha Huɗu babbar dokar teku ta Faransa, wadda ta tsinto daga Oléron da Barselona da Visby ta mayar da su dokar sarki, daga ita kuma dokar kasuwanci ta Napoleon ta 1807 ta kwasa. Wani hukuncin littafin Barselona ya fi haka daɗewa a fagen yaƙi: cewa ana iya ƙwace kayan abokin gaba ko da a jirgin ɗan ba-ruwanmu suke, amma kayan ɗan ba-ruwanmu ba a taɓa su ko a jirgin abokin gaba. Ingila, mai ƙarfin sojan ruwa, ta riƙe rabin farko na wannan hukunci gam saboda ya yi mata daidai, ba ta sake shi ba sai a yarjejeniyar Paris ta 1856, bayan yaƙin Crimea.